Zazzaɓi da Tari: Abin da Rajistar Asibiti Ke Faɗa Kafin Annoba Ta Kankama

Duk ranar Juma'a, musamman daga Oktoba zuwa Mayu, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, mai hedikwata a birnin Atlanta, takan fitar da wani rahoto mai suna FluView. Alƙaluma ne cike da shi, amma guda ɗaya ya fi jan idon likitoci da 'yan jarida: a cikin kowane mutum ɗari da suka je ganin likita a makon da ya gabata, mutum nawa ne zazzaɓi da tari ko ciwon maƙogwaro ya kai su? A watannin zafi adadin yakan tsaya tsakanin ɗaya da biyu. Da sanyi ya kama sai ya fara hawa, uku, huɗu, biyar, kuma a shekarar da mura ta yi tsanani yakan haura bakwai. Da wannan lamba manyan asibitoci kan san lokacin da za su ƙara gadaje da ma'aikata, gidajen kula da tsofaffi su taƙaita baƙi, likitan unguwa kuma ya yanke shawarar ba tsoho mai ciwon zuciya maganin mura tun kafin sakamakon gwaji ya fito.

Tushen lambar shi ne sashen asibiti da ake ganin likita a karɓi magani a koma gida. Akwai wani tsari da ake kira ILINet, wanda ya haɗa wuraren duba marasa lafiya fiye da 3,000 a duk jihohin ƙasar: likitocin iyali, likitocin yara, asibitocin jami'o'i, sassan gaggawa. Kowane mako sukan aika da lamba iri biyu kawai. Ta farko, jimillar mutanen da aka duba, ko wane irin ciwo ya kawo su. Ta biyu, nawa daga cikinsu ne ke da alamun mura mai zazzaɓi, a rarrabe bisa shekaru: yara 'yan ƙasa da biyar daban, 'yan makaranta da samari daban, har zuwa masu shekara 65 da sama. Ba a aika sunan kowa, ba a aika adireshi.

Kafin a yi nisa, ya kamata a bambance tsakanin mura da mura. Akwai wadda kowa ya saba da ita, ta atishawa da yoyon majina, wadda kan wuce cikin 'yan kwanaki mutum yana harkokinsa. Akwai kuma infuluwenza, wadda kan faɗo wa mutum farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, ciwon gaɓɓai da busasshen tari, ta kwantar da ƙato kwana uku ko huɗu. A jikin jariri, ko tsoho, ko mai juna biyu, ko mai asma da ciwon suga, tana iya sauka huhu ta yi kisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa duk shekara mutum miliyan 3 zuwa 5 kan yi mummunar jinya da ita, kuma tsakanin 290,000 da 650,000 kan rasu ta dalilin matsalar numfashi da ta haddasa. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2018 ya sa Afirka kudu da Sahara cikin yankunan da mutuwar ta fi yawa idan aka auna da yawan jama'a. Wannan ita ake nema a rajista.

To, me ya hana a gwada kowa a tabbatar? Kuɗi da lokaci. Gwajin da ke gano ƙwayar cutar yana da tsada, yana buƙatar na'ura da wutar lantarki da ƙwararren ma'aikaci, kuma yawancin masu mura za su warke ko an gwada ko ba a gwada ba. Shi ya sa aka koma ga ƙirga alamu. Sai dai ƙirga alamu ba ya da amfani idan kowane likita da irin fahimtarsa, don haka aka tsayar da ƙa'ida guda. A Amurka, zafin jiki ya kai digiri 37.8 a ma'aunin Salsiyas, tare da tari ko ciwon maƙogwaro. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sabunta a 2014 kuma yawancin ƙasashen Afirka ke bi, ta ce zafin jiki da aka auna ya kai digiri 38, da tari, kuma ciwon ya fara cikin kwana goma da suka wuce. A lura da "da aka auna". Uwa ta ce jikin yaro da zafi bai wadatar ba. Sai an sa ma'aunin zafin jiki an karanta. Ƙa'idar tana barin wasu masu infuluwenza a waje, tana kuma shigo da wasu da ba ita ke damunsu ba. Kowa ya san haka. Amfaninta shi ne, da yake ita ɗin ce dai a Lahadi da Litinin, a bana da bara, duk canjin da aka gani a lamba ana iya danganta shi da canji a cikin jama'a.

Dalilin zaɓar masu zuwa su koma gida, maimakon waɗanda aka kwantar ko waɗanda suka rasu, batu ne na wa ya riga wa. Mutum kan je ganin likita kwana biyu ko uku da fara zazzaɓi. Wanda ciwon zai kai ga kwanciya sai bayan wasu kwanaki, takardar mutuwa kuwa sai an yi makonni kafin ta isa ofishin da ake tattara ta. Ga kuma wani abu: infuluwenza ta fi saurin yaɗuwa tsakanin 'yan makaranta, su suke kai ta gida ga kakanninsu. Sau da yawa layin yara a jadawalin ILINet ne ke fara ɗagawa, na tsofaffi ya biyo baya. Wanda ya ga layin yara ya motsa ya sami 'yan makonni na shiri.

Lamba ta farko, wato jimillar waɗanda aka duba, ita ce wadda ma'aikata suka fi rainawa, kuma in babu ita aikin duka ya rushe. A ɗauka, a misali, wani asibiti ya ga masu zazzaɓi da tari 20 a makon jiya, 40 a wannan mako. Ninki biyu ke nan, abin tayar da hankali. Amma idan a makon jiya mutum 400 aka duba, wannan makon kuma 800 saboda asibitin da ke maƙwabtaka ya rufe, to biyar cikin ɗari ne can, biyar cikin ɗari ne nan, ba abin da ya faru. Ita ma wannan dabara tana da nata cikas. A makon Kirsimeti da sabuwar shekara, lambar Amurka takan yi tsalle, domin masu zuwa awon hawan jini da sauran zuwan da ba na gaggawa ba sun ɗaga tafiyarsu, masu zazzaɓi ne kawai suka daure suka fito. Masu karanta rahoton sun san da wannan tsalle, ba sa ruɗuwa da shi. Duk wanda zai yi irin wannan lissafi a ƙasar Hausa dole ya san yadda makon Sallah, watan azumi, lokacin girbi da yajin aikin likitoci ke taɓa yawan masu yankar kati.

Sai babbar tambaya: yaushe za a ce abin ya wuce kima? Zazzaɓi da tari ba sa ƙarewa a gari, ko da annoba ko babu. CDC takan ɗauki makonnin da infuluwenza ta yi ƙaranci a shekaru uku na baya, ta fitar da matsakaicinsu, ta ƙara wata 'yar rata ta lissafi a kai don kada ƙaramin hawa da sauka ya sa a yi ta kururuwar banza. Abin da ya fito shi ne mizanin shekarar. A kakar 2022 zuwa 2023 mizanin ƙasa 2.5 cikin ɗari ne. A ta gaba ya zama 2.9. Kowane ɗaya daga yankuna goma na ƙasar kuma da nasa mizanin, domin abin da aka saba gani a Texas ba shi aka saba gani a Maine ba. A nan ne ainihin darajar aikin take, a ganina. Ba a iya ƙirƙirar mizani ranar da annoba ta zo. Sai an yi shekaru ana cike takarda a makonnin da babu wani labari, lokacin da ma'aikaci ke ganin ɓata lokaci ne, kafin a sami abin da za a auna makon tashin hankali da shi. Birtaniya ta fara irin wannan ƙirge na mako-mako ta hannun ƙungiyar likitocin iyali tun 1967, Faransa kuma ta kafa nata, Réseau Sentinelles, a 1984. Tsawon shekarun nan shi ne jarinsu.

Rajista dai tana iya cewa zazzaɓi da tari sun ƙaru, amma ba ta san mai laifi ba. Ƙwayoyin cuta da dama na kawo alamu iri ɗaya: akwai RSV mai wahalar da jarirai, akwai ƙwayoyin mura ta yau da kullum, tun 2020 kuma ga korona. Don haka wasu daga cikin asibitocin sa-ido kan ɗauki majinar hanci ko ta maƙogwaro daga wasu marasa lafiya kaɗan, a aika ɗakin gwaje-gwaje. Mai girki ba ta shanye tukunya don ta san ko gishiri ya ji. Ludayi guda ya isa, muddin ta juya miyar. Sakamakon gwajin shi ke nuna kashi nawa na masu alamun ne ke ɗauke da infuluwenza, kuma wane iri: H1N1, ko H3N2 wanda ya fi takura wa tsofaffi, ko nau'in B.

Waɗannan samfurori ba sa tsayawa a ƙasarsu. Tun 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya take da wata hanyar haɗin gwiwa ta ɗakunan gwaje-gwaje, inda cibiyoyin ƙasashe ke tura ƙwayoyin da suka samu zuwa manyan cibiyoyi a Landan, Atlanta, Melbourne, Tokyo da Beijing. Sau biyu a shekara masana kan zauna, a Fabrairu domin ƙasashen arewacin duniya, a Satumba domin na kudu, su zaɓi irin ƙwayoyin da za a sa a allurar rigakafin kaka mai zuwa. Infuluwenza na sauya kama kullum, shi ya sa allurar bara ba ta cika yin aiki bana ba. Majinar yaron da aka ɗauka a Yamai ko Antananarivo tana iya shiga cikin wannan shawara.

An ga amfanin tsarin a fili a 2009. A watan Afrilu na shekarar, gwaji ya gano wata sabuwar H1N1 a jikin yara biyu a kudancin California, waɗanda aka duba su a matsayin masu zazzaɓi da tari suka koma gida. Ranar 11 ga Yuni Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana annobar duniya. A Oktoba, watan da bisa al'ada mura ba ta ko fara ba, lambar ILINet ta kai 7.7 cikin ɗari. Amma abin da ya fi burge ni shi ne na Maris 2020. A lokacin kayan gwajin korona sun yi ƙaranci a Amurka, ba wanda ya san iyakar yaɗuwarta. Wasu masu bincike uku, Justin Silverman da Nathaniel Hupert da Alex Washburne, suka lura cewa masu zazzaɓi da tari sun ƙaru sosai a ILINet alhali gwajin infuluwenza yana raguwa. Suka cire abin da aka saba gani a shekarun baya, suka lissafa rarar, suka ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 8.7 ne suka kamu da korona tsakanin 8 da 28 ga Maris, nesa ba kusa ba da adadin da gwaji ya tabbatar. Tsarin da aka gina don wata cuta ya hango wata daban, saboda kawai an san yadda Maris na sauran shekaru yake. A kakar da ta biyo baya kuma, lokacin takunkumin fuska da rufe makarantu, wannan sa-ido ne ya tabbatar cewa infuluwenza ta kusa ɓacewa: yaro ɗaya aka ba da rahoton mutuwarsa da ita a duk Amurka, bayan kusan 200 a kakar da ta gabata. Wani reshe na nau'in B da ake kira Yamagata ba a sake tabbatar da shi ba tun Maris 2020, har aka ba da shawarar cire shi daga allura a 2023.

An taɓa zaton intanet za ta sallami rajista. A 2008 kamfanin Google ya fito da Google Flu Trends, wanda ke hasashen yawan masu mura daga kalmomin da mutane ke nema, kuma yana riga rahoton CDC da mako ɗaya ko biyu. Aka yi ta yabo. Sai ya kasa ganin farkon annobar 2009, a sanyin 2012 zuwa 2013 kuma ya faɗi kusan ninki biyu na abin da asibitoci suka gani, domin wanda ya ji labarin mura a talabijin ma yakan nemi kalmar ko lafiyarsa ƙalau. Wani nazari a mujallar Science a 2014 ya nuna ya zarce gaskiya a makonni 100 cikin 108. A 2015 aka daina wallafa shi. Da alƙaluman ILINet aka koyar da shi tun farko, da su kuma aka gano kuskurensa.

A Afirka, abin da ya farkar da gwamnatoci shi ne murar tsuntsaye. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da H5N1 a wata gonar kaji a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar, kuma cikin watan ta ɓulla a Magariya ta Jamhuriyar Nijar. A farkon 2007 aka tabbatar ta kashe mutum a Legas. Bayan haka Nijeriya ta kafa sa-ido kan infuluwenza a asibitoci huɗu: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, asibitin Asokoro a Abuja, asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas, da na jami'ar Nnamdi Azikiwe a Nnewi, ana tura samfurori Abuja. Sakamakon watanni 17 na farko, daga Afrilun 2009 zuwa Agustan 2010, ya nuna ƙasa da ɗaya cikin goma na waɗanda aka gwada ne ke da infuluwenza, kuma an fi samunta a watannin hunturu. Nijar ta fara nata a 2009 ta hannun cibiyar bincike ta CERMES da ke Yamai, ita ma ta ga cutar ta fi yawa da sanyi. A Dakar kuwa, inda cibiyar bincike ta Pasteur ta daɗe tana wannan aiki, da damina take tashi. Ƙasashe a yanki ɗaya, kaka daban-daban. Wanda ya kwafi kalandar Turai, ko ma ta maƙwabci, zai yi shiri a watan da ba shi ba.

A ƙasashenmu, wahalar farko ga irin wannan ƙirge ita ce zazzaɓin cizon sauro. A yawancin ƙananan asibitoci, zafin jiki maleriya ne har sai an ga akasin haka, in ba ita ba kuma taifot. Yaro ya zo da zazzaɓi da tari, a rubuta maleriya a rajista, a ba shi magani; bayan kwana huɗu ya warke don kansa, sai a ce magani ya yi aiki. Tarin da ya zo da shi bai shiga ko'ina ba. Ko gwajin gaggawa na ɗigon jini bai raba gardama gaba ɗaya, domin a inda maleriya ta yi katutu yaro na iya ɗauke da ƙwayarta a jini alhali wani abu ne ya kawo zazzaɓin ranar. Asarar biyu ce: an kashe kuɗin magani a banza, an kuma goge sawun cutar da ke yawo.

Ta biyu ita ce wa ke zuwa asibitin. Mai mura a Kano ko Zariya ko Maraɗi kemis yake fara zuwa, ko ya sha citta da kanumfari da lemon tsami ya lulluɓa. Wanda ya kai kansa asibitin koyarwa, ya yanki kati, ya bi layi tun asuba, ba shi ne wakilin mutumin ƙauye ba. Miyar ba a juya ta ba ke nan, ludayin daga sama kawai ya ɗiba. Asibitoci huɗu sun isa a san irin ƙwayar da ke yawo a ƙasa, a kuma tura samfuri ga duniya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba za su gaya wa kwamishinan lafiya na Sakkwato ko Yobe cewa wani abu ya tashi a jiharsa makon jiya ba.

Mun san farashin rashin gani da wuri. A Satumban 1918 babbar annobar infuluwenza ta sauka a Legas daga jirgin ruwa, ta bi layin dogo da koguna ta shiga ƙasa. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 cikin miliyan 18. Na kusa-kusa kuma, a Afrilun 2020, masu haƙa kabari a Kano ne suka fara cewa gawarwaki sun yi yawa, galibi dattawa. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamata: mutum 979 aka ƙirga, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa korona ce sanadi. Maƙabarta ita ce wuri na ƙarshe da cuta ke nuna kanta. Makonni kafin nan, da yawa daga mutanen nan ko 'ya'yansu da jikokinsu sun yi zazzaɓi da tari a wani wuri.

Madagaska ta nuna ba sai ƙasa ta yi arziki ba kafin ta iya irin wannan sa-ido. A 2007 cibiyar Pasteur ta can, tare da ma'aikatar lafiya, ta zaɓi wasu ƙananan asibitoci a sassan tsibirin, kowanne yana aika saƙon tes kullum: mutum nawa aka duba, nawa ke da zazzaɓi, nawa cikinsu aka tabbatar maleriya ce, nawa ke tari, nawa ke gudawa. Wayar hannu ta talaka ta isa. Nijeriya ma tana da turakun da za a ɗaura wannan a kai: tsarin IDSR na ba da rahoton cututtuka, jami'an sa-ido a kowace ƙaramar hukuma waɗanda yaƙi da shan inna ya horar, manhajojin DHIS2 da SORMAS, da babban ɗakin gwaje-gwaje na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a Gaduwa, Abuja. Abin da jiha ke buƙata shi ne ta ware ƙananan asibitoci kaɗan, na birni da na karkara, waɗanda ba a rasa ma'aikaci a cikinsu. Ta tabbatar kowanne yana da ma'aunin zafin jiki mai aiki. A ƙara gurbi guda a rajista na zazzaɓi tare da tari, a cike shi ko da gwajin maleriya ya nuna akwai. A aika lambobi biyun nan duk Litinin. Wasu kemis-kemis masu rajista ma za su iya shiga, tunda nan ne marar lafiya ke fara tsayawa.

Akwai sharaɗi guda da ake yawan mantawa. Malamin asibitin da ke aika lamba sama duk mako, bai taɓa ganin abin da aka yi da ita ba, wata rana zai fara cike gurbin da ka. Faransa da Amurka suna mayar wa likitocinsu rahoto kowane mako, kowa ya ga inda yankinsa ya tsaya. A nan ma, takarda mai shafi ɗaya da za a tura ta WhatsApp, mai nuna wa ma'aikaciyar lafiya a Bichi ko Gumel cewa masu tari a shiyyarta sun haura abin da aka saba, za ta sa ta duba numfashin jariri na gaba da kyau, ta kuma tura tsohon da ke haki babban asibiti a ranar, kada ta ce ya dawo jibi.